Yadda Muka Yi Ta Raka Juna Ni da Hajiya

Ina da shekara ashirin da uku na sauka a Paris da akwati ɗaya da rigar sanyi ta aro wadda hannunta ya rufe mini yatsu. Aikin sa-kai na zo yi na shekara guda, a wata ƙungiya mai kula da tsofaffi. A Damagaram da na gaya wa gwaggona cewa aikin shi ne in je in zauna da tsoho in yi masa hira, sai da ta sa na maimaita. Ta ce, to su 'ya'yansu mutuwa suka yi? Ni dai a lokacin jirgi nake so in shiga.

Mako biyu aka yi mana horo a Paris, kuma rabin abin da aka faɗa bai shiga kaina ba saboda zumuɗi. Sau uku ina wuce tashata a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina kallon mutane ina murmushi ni kaɗai. A unguwar Goutte d'Or na shiga shagon katin waya, na ji wani yana magana da Hausa, na tsaya na gaishe shi har da tambayar iyali da gajiya. Bawan Allah bai san ni ba, amma ya amsa duka. Daga horon nan doka ɗaya ce ta zauna mini, don sai da aka sa muka rattaba mata hannu: idan kin fita da tsoho, ba ki rabuwa da shi sai kin mayar da shi ƙofarsa, ko kin damƙa shi a hannun wani nasa.

Lyon aka tura ni. Muka samu gida a unguwar Guillotière, saman shagon wani Balarabe mai sayar da nama, ni da wata Bajamushiya da wata 'yar Sipaniya, duk 'yan sa-kai. Bajamushiyar ta manna takarda a jikin firji mai nuna wa zai yi shara wace rana, 'yar Sipaniyar kuma ta riƙa goge hannu da ita. Ni ce mai raba faɗa, kuma ni ce mai cin tuwon kowa.

Shugabar ofishinmu, wadda kowa ke ce wa Madam, ta kira ni ta ce akwai wata 'yar ƙasarmu a unguwar Minguettes da ta gagari kowa. Wata Hajiya ce daga Tawa, ɗanta mai aikin bincike a jami'a ya kawo ta aka yi mata aiki a ƙugu. Aikin ya yi kyau, ita ce ta ƙi taka ƙasa. In mai gashin ƙashi ya zo, sai ta rufe ido ta kama carbi har ya gaji ya tafi. Likita ya ce nan da wata uku zai sake duba ta. Idan ta yi tafiya da ƙafarta, zai sa hannu ta hau jirgi ta koma gida. Idan ba ta yi ba, gidan jinya za a kai ta, inda ba mai jin ko kalma ɗaya ta bakinta.

Hawa na tara suke. Na same ta a gado, fara, 'yar siririya, da ido mai kaifi. Muka yi gaisuwa ta ƙoshi, irin wadda na yi wata guda ban samu ba, har na ji hawaye na neman zubo mini. Da aka gama na gyara murya, na yi mata bayani kamar yadda aka koya mana: za ta tashi ta je bangon can ta dawo, sau biyar.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "In tashi in tahi bango, in komo, in sake tahiya? Ba aike ba, ba gaisuwa ba, ba kasuwa ba? Ɗiyata, a garinmu mai yin haka ɗaure shi ake yi."

Na ce, "Hajiya, ba kya son gida?"

"Gida nika so. Amma hauka ban yi."

Ni kuwa ina da zuciya, kuma ban iya ɓoye ta ba. Ziyara biyu na yi ina lallashi, ɗanta yana gefe yana sosa ƙeya, in na tashi shi ke raka ni ƙasa. Rana ta uku yana wurin aiki. Na yi magana har bakina ya bushe, ta ce in miƙo mata goro. Na miƙa mata, na suri jakata na ce sai an jima, ina huci. Ban kai ƙofar ɗaki ba na ji motsi a bayana. Hajiya ce ta sauko da ƙafafu, tana laluben sanda.

"Tsaya in taka miki. Baƙo ya hita gidana shi kaɗai awa ɓarawo?"

Na tsaya ƙam. Ta ratsa ɗaki, ta ratsa falo, tana cije leɓe, har bakin ƙofar waje. Ta ce in gai da mutanen gida, duk da ta san ba ni da wasu mutanen gida. Sai da na ga ta koma ta zauna sannan na ja ƙofar. Ban jira asansar, na'urar hawa bene, ba, da ƙafa na sauko hawa taran nan ina tsalle, na shiga taram, jirgin da ke bin titin gari, ina dariya har wata mata ta canja kujera.

Daga ranar ban sake ce mata ta yi tafiya ba. Sau biyu a mako aka rubuta mini, na mayar da shi kullum. In zo, mu gaisa, mu sha shayi, sannan in tashi. Dabarata ita ce in ajiye labari mai daɗi sai mun kai ƙofa. Nan zan ce, "Af, Hajiya, ban gaya miki abin da Bajamushiyarmu ta yi wa saurayinta ba." Sai in ci gaba da takawa a hankali, ita kuma tana biye tana cewa, "To, sannan mi ta ce?" Da haka muka kai bakin asansar, wanda take kira akwatin mutane. Da haka ta shige shi tana salati. Allah ya yafe mini, in labari ya ƙare ƙirƙira nake yi. Na aurar da 'yar Sipaniyar nan sau biyu, na raba auren, ita ba ta ma sani ba.

Bayan makonni muka fito waje. Da farko bencin ƙofar gida, inda wasu tsofaffin Aljeriya uku ke zama shan hantsi. Sai shagon magani. Ranar da muka kai tashar taram, ji na yi kamar in yi guɗa. A nan kuma rigimar ta tashi.

Taram ya zo, Hajiya ta ce in shiga. Na ce ba zai yiwu ba, doka ta hana in bar ta a titi, sai na mayar da ita gida. Ta yi tsaki, amma ta yarda. Muka juya, muka wuce shagon magani, muka wuce benci, muka hau sama. Na ce, to Hajiya, sai gobe. Ta gyara mayafi ta ɗauki sanda.

"Ina kuma za ki?"

"Rakiya mana."

"Ai kin riga kin raka ni!"

"Waccan ta ɓaci, tunda kin komo cikin gida. Yanzu sabuwar hita ta."

Na roƙe ta, na yi fushi, na karanta mata dokar da Faransanci don ta ji tsoro. Ko gezau. Muka sake saukowa. A tasha na sake ƙin shiga, muka sake komawa. A zagaye na uku tsofaffin benci sun gane abin da ake ciki, suna ƙirga mu da ƙarfi, ɗaya ya cire hula yana yi wa Hajiya jinjina. Ita kuwa tana wucewa ta gabansu kai a sama, tana yi mini faɗa cewa yaran yanzu ba su da kunya, suna wahalar da tsohuwa. Ni dariya ta hana ni tafiya daidai, kuma ga tsoron kada ta faɗi a hannuna.

Muna tsaye a tasha karo na uku, muna musu, taram na ƙarfe biyar ya tsaya, ɗanta ya sauko da jakarsa. Da safe a gado ya bar ta, kuma ba mu taɓa gaya masa mun wuce benci ba. Ya tsaya yana kallonta. Sai ya ajiye jakar a ƙasa, ya rufe fuska da hannu, babban mutum mai furfura a gemu, yana kuka a gaban jama'a. Hajiya ta ce, "Kai kau mi ya same ka? Kama ni mu tahi, ƙahwahuna sun gaji." Ni kuma na shiga taram ɗina. Daga nan muka daidaita lokaci, rakiya ta riƙa ƙarewa daidai saukarsa.

Madam ta yi murna har ta ce in gwada dabarar a kan sauran tsofaffina. Na gwada a kan wani tsohon direban jirgin ƙasa, Bafaranshe. Na tsaya a ƙofarsa na fara labari, ya ce mini sai wani mako, ya rufe ƙofa ya sa sakata.

Ranar likita muka tafi mu uku. Ya nuna wani dogon baranda ya ce ta je ƙarshensa ta dawo. Hajiya ta leƙa, ta ga bango ne kawai a can, ta koma ta zauna ta fito da carbi. Ɗanta ya fara zufa. Likita ya ɗauki biro. Na san abin da zai rubuta. Na rataya jakata, na durƙusa na ce, "Hajiya, ni zan wuce, sai Allah ya kai mu." Na miƙe na nufi barandar ban waiwaya ba. Na yi taku kamar goma kafin na ji ƙarar sandar nan a bayana, ƙwas, ƙwas, tana mitar cewa asibiti ba gidanta ba ne amma ba komai. Muka je ƙarshe, na ce na manta alƙalamina, muka dawo. Likita ya sa hannu.

Daga Paris jirginta zai tashi, muka kai ta a jirgin ƙasa, ni da ɗanta. Duk hanyar bakina bai rufu ba, ina nuna mata shanu da gonaki, ina ba ta saƙon gaisuwa ga mutanen da ba ta sani ba. A filin jirgi aka kawo mata keken guragu, ta kore shi da sanda. Da muka isa inda ba a barin mai rakiya ya wuce, ta riƙe hannuna gam.

"Tun rakiya ta biyu na gane wayonki, da ƙaryar auren 'yar mutane. Amma yarinya ta baro uwatta, ta zo garin da babu mai ce mata ina kwana, sannan in bar ta ta sauka bene tara ita kaɗai? Koma, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Ta shige da ƙafarta, a hankali, jami'ar jirgi tana biye da ita da keken babu kowa a ciki. Abin da na yi wata uku ina nema ke nan, kuma na samu, amma kuka na yi har muka fito. Ranar Litinin na tashi na yi wanka, na shirya labarin da zan ba ta a bakin ƙofa, har na sauka cikin metiro kafin na tuna ba inda za ni.