Kawu Lawal da Ƙwan Ƙadangare

Duk wanda ya san Kawu Lawal a Kurfi ya san ba ya iya ganin ƙwai a ajiye ya wuce. Sai ya juya shi. Tun da ya yi ritaya daga aikin malamin gona ya samo wani mataccen firji, ya huhhuda shi, ya sa masa 'yar fitilar kananzir, ya mai da shi injin ƙyanƙyasa. Na kaji, na zabi, na agwagi, daga Wurma har Shema nan ake kawowa. Bayan kowace salla zai buɗe firjin ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Tinƙahonsa a majalisa guda ne: ƙwan da ba zai ƙyanƙyashe ba tun a ƙofa yake haska shi ya mayar, amma ƙwan da ya karɓa bai taɓa zama baragurbi ba.

Na taɓa ganinsa a tashar Dutsin-Ma ya tsayar da mai tallan ƙwai, yana juya na kan tire.

"Baba, dafaffe ne fa," in ji matar.

"Na sani. Gefe guda ya gaji."

Ranar ɗaurin aurena shi ne waliyyina, domin ni 'yar ƙanwarsa ce kuma shi ya riƙe ni. An ce ana shafa fatiha ya suri takalmansa. Baffan ango ya ce ya tsaya a gaisa mana. Kawu ya ce, "Amarya ba ta hucewa. Ƙwai na hucewa." Har yau dangin mijina ba su manta mini ba.

Ni kuma na jawo masa abin da ya fi ƙarfinsa. Maƙwabcinmu a Dutsin-Ma, Dokta Nura, malamin jami'a, ya dawo daga karatu a waje da sha'awar kiwon wani ƙadangaren Ostireliya da ake ce wa mai gemu, saboda ƙayoyin da ke ƙarƙashin haɓarsa. Macen ta zuba ƙwai goma sha takwas, ga wutar lantarki ba tabbas. Na yi karambani na ce ai ina da kawu.

Muka kai su cikin roba, a jere a kan yashi mai laima. Dokta ya yi bayani dalla-dalla: ɗumi kaɗan, kada yashin ya bushe, wata biyu ko fiye. Sannan ya ce, "Abu ɗaya, Baba. Ba a juya su. Yadda suke kwancen nan, haka za su zauna."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. "Uwarsu ba ta juya su?"

"A'a. Binne su take yi ta tafi."

"To wagga ba uwa ba ce."

Ya dai karɓa, ya ce amana ce. Kwana goma ya daure. A na sha ɗaya ya yanke hukuncin cewa boko ne ya ruɗe Dokta, ya raba ƙwan gida biyu, ya shiga juya tara daga ciki sau biyar a rana, don ya nuna wa jami'a aiki. Kafin sati biyu taran nan sun lotsa sun yi fumfuna.

Kwana uku bai leƙa majalisa ba. A na huɗu ya sa babbar riga, ya hau motar Dutsin-Ma, ya sami Dokta har gida. Bai zauna ba.

"Ni na kashe maka tara. Kai ka yi gaskiya. Kada ka faɗa ma kowa ka yi gaskiya."

Da ya koma ya sayi kwaɗo ya garƙame firjin, ya sallami masu kawo ƙwan zabi, ya miƙa wa matarsa Inna Rabi makulli, ya ce ko ya roƙa kada ta ba shi. Ita ke buɗewa ta duba fitila ta yayyafa ruwa, shi yana tsaye a bayanta, hannuwa biyu a harɗe a baya, yana ba da umarni.

"Shekara arba'in Malam bai taɓa ba ni makullin komi ba," in ji ta, "sai na ƙadangaru."

Ya roƙa kuwa, har da cewa zai duba kawai. Ta ce ido ba ya buƙatar makulli, ya leƙa ta huda.

Muna ta dariya, ba mu lura yana ramewa ba. Mun ɗauka zullumin ƙwan ne. Da aka kwantar da shi a asibiti a Dutsin-Ma, likita na tambayarsa ina ke ciwo, shi yana tambayata yau kwana nawa. Ni kuwa tsoro ya kama ni, ina ganin zai tafi da baƙin cikin abin da ni na kai masa.

Wata Laraba da hantsi sai ga Inna Rabi da Dokta, ta rungumo langa kamar ta kawo fura. Ta buɗe a kan gado. 'Yan ƙadangaru, ba wanda ya wuce tsawon yatsa, suna ɗaga kai suna kallonsa. Kawu ya ƙirga da ido, ya sake ƙirgawa.

"Tara. Ina gemun?"

"Sai sun girma, Baba."

"An cuce ka, Dokta. Irin na bangonmu ne."

Hannuwansa na ƙarƙashin bargo, can ya tura su tun da aka buɗe langar. Ya dubi Dokta, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yanzu hwa? In taɓa?"

"Taɓa, Baba. Naka ne."

Ya fito da hannu, ya shimfiɗa shi cikin langar. Ɗaya ya hau tafinsa ya lafe saboda ɗumi. Kawu bai motsa ba har nas ta zo ta kore mu, mu da su.

Ranar Asabar ya rasu. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu Lawal, ya yafe masa taran farko da sauran kurakuransa, ya riƙe shi a hankali yadda ya riƙe amanar mutane. Amin.