Raƙuman Surukina a Bayan Awaki

Ni mutum ne mai son kowane abu a wurinsa. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na kwaleji na tsaya, amma rubutuna yana karantuwa, kuma ban taɓa tsallake layi a kaye, wato littafin rubutu, ba. Saboda haka ƙungiyarmu ta makiyaya a Dakoro ta naɗa ni sakatare. Aikina ranar kasuwa shi ne in zauna bakin rijiyar kasuwar dabbobi, in rubuta duk abin da ya zo shan ruwa.

Kwami biyu ne na shayar da dabbobi a rijiyar, ɗaya na shanu, ɗaya na kowa da kowa. Raƙuma suna sha tare da awaki, kuma raƙumi ba ya duba ƙasa in zai taka. Shekara uku masu raƙuma suna roƙon a gina musu kwaminsu. Jagoransu surukina ne, mahaifin matata. Tun da na auri ƴarsa ba mu taɓa haɗa ido ba, kuma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, kamar yadda ya kamata.

Wata shekara da rani wani porje, wato shirin taimakon makiyaya, ya aiko cewa zai gina kwami ɗaya tak, kuma wata injiniya za ta zo ta duba ƙidayarmu kafin ta ce na wa ne. Masu awaki ma suka ce suna so. Shugabanmu, wani mai shanu mai haƙuri, ya ce in shirya abin da za a nuna mata a ordinatar, wato kwamfutar da ke biro, ofishin ƙungiya.

Na taɓa yin formasiyo, wato horo, na mako biyu a Maradi, inda aka koya mana tablo, wannan shafi mai gida-gida da ake zuba lambobi a ciki. A can na ga girafik, zanen da ke nuna lambobi, mai fuska uku, wanda ginshiƙai suke tsayawa kamar rumbuna a fili, wasu gaba, wasu baya. Tun ranar na ƙudurta sai na yi irinsa. To ga dama ta zo.

Na bi abin daki-daki. Da farko na kwashe ƙidayar watannin rani biyar daga kaye zuwa tablo, na sake dubawa sau biyu. Sannan na ba kowace fuska aikinta: faɗi ya ɗauki watanni, zurfi ya ɗauki irin dabba, tsawo ya ɗauki yawan kai. Dabbobin kuwa na jera su yadda mushe, malaminmu, ya koya mana a lakwal, wato makarantar boko, bisa haruffa: awaki, raƙuma, shanu, tumaki. Sai launi. Awaki na ba su ja, don kowa ya san jar akuyarmu. Raƙuma ruwan ƙasa, shanu baƙi, tumaki fari. Da tumakin suka ɓace cikin farin bango, na mayar da bangon toka-toka. Na sa take a sama da manyan haruffa, na sa ɗan akwatin bayanin launi a dama. Na ja kujera baya na duba, na ga ya yi kyau ƙwarai.

Ana gobe injiniya za ta zo, kwamiti ya taru a biro don a gani. Shugaba ya zauna a tsakiya. Hajiya, shugabar mata masu awaki, ta zauna a hagunsa. Surukina ya zauna a dama da rawaninsa da sandarsa, taku biyu daga inda nake. Na juya musu ekaran, fuskar ordinatar ɗin.

Hajiya ce ta fara magana. “Kai, malam sakatare, Allah shi yi ma albarka! Jajayen nan namu ne? Ku dube su kamar benaye!”

Surukina ya daɗe yana kallo. Sai ya juya ga shugaba. “Tambayi sakatarenka, ina raƙuma?”

Shugaba ya juyo gare ni. “Ya ce ina raƙuma?”

Na nuna akwatin bayanin launi, idona a ƙasa. “A hwaɗa ma Baba ga su nan, ruwan ƙasa.”

“Hwaɗa mishi sunansu na gani. Ni raƙuman nika nema.”

Na duba da kyau. Layin da ke farko a tablo shi yake tsayawa gaba a girafik. Awaki sun fi kowa yawa, ginshiƙansu sun tashi sama kamar katanga. Raƙuma ba su da yawa, kuma harafinsu ya ajiye su daidai bayan awaki. Kwana uku ina gyaran launi, ban lura ba ko tozon raƙumi ɗaya ba ya leƙowa.

Hajiya ta tafa hannu. “To ai shi ke nan! Inji ma ya san ba ku nan. Kwami namu ne, Alhaji, sai dai ku zo mu sam muku.”

Surukina bai kula ta ba. Ya ce wa shugaba, “Tambaye shi, a gidan wa ya ga an sa akuya gaban raƙumi?”

Na ce a gaya wa Baba tsarin haruffa ne. Shugaba ya buɗe baki zai isar, sai ya fasa.

Na kama gyara suna kallona. Akwai wurin da ake juya jerin zurfi, na baya ya dawo gaba. Na latsa shi. Tumaki suka dawo gaba, shanu suka bi su, raƙuma suka sake nutsewa.

Surukina ya buga sanda a ƙasa. “Hwaɗa mishi shi rubuta yadda kowa ke hwaɗi. Raƙumi, saniya, tunkiya, akuya.”

Haka kowane makiyayi yake lissafa dabbobinsa, daga babba zuwa ƙarami, tun daga Kornaka har Birnin Lalle. Na koma tablo na sake jera layukan yadda ya ce. Da girafik ya fito, sai ga shi kamar matakala: raƙuma gajeru a gaba, shanu sun ɗan ɗara su, tumaki sun ɗara shanu, awaki can baya sun fi kowa. Babu wanda ya rufe wani. Ban ji daɗi ba, amma gaskiya ce, jerin tsohon ya fi na lakwal.

Na yi zaton an gama. Surukina ya matso da fuskarsa har rawaninsa ya taɓa ekaran.

“Wanga guntun abu kamar turmi, shi ne raƙumi? Waccan doguwar kuma akuya?”

Shugaba ya ce, “Alhaji, yawa aka auna, ba tsawo ba.”

“Yawan mi? Kwami kai yaka ci ko ruwa? Raƙumina ɗaya in ya kwana biyar a daji ya zo, sai mai guga ya yi kuka. Akuyar Hajiya ta sa baki sau biyu ta tahi.”

Hajiya ta ce, “Ta tahi don kar a taka ta!”

Ya miƙe ya fita. A ƙofa ya ce wa shugaba in gobe aka nuna wa baƙuwa turmi, shi da mutanensa ba su ga amfanin zama ba.

Da la'asar na tafi rijiya wurin mai jan ruwa, na tambaye shi guga nawa kowace dabba take sha a zuwa ɗaya. Ya faɗa, na rubuta, na sa ya maimaita. Na dawo biro na buɗe sabon tablo, na ninka yawan kai da yawan guga, na canza rubutun gefen tsawo daga “kai” zuwa “guga”. Raƙuma suka miƙe, a watannin zafi har suka wuce awaki. Amma shanu suka tashi suka fi kowa, suka rufe tumaki da awaki ruf. Na tuna bakin Hajiya, na sake zama.

Abu uku na yi, kuma a jere. Na juya girafik ɗin kaɗan zuwa gefe. Na ɗaga idon mai kallo, kamar mutum ya hau soro yana leƙen garke. Na ƙara tazara tsakanin layuka. Duk da haka awakin watan ƙarshe suna ɓoye, sai na rage kaurin launin shanu har ana hango abin da ke bayansu.

Washegari injiniya ta iso da hantsi, mace ce mai sauri, ko shayi ba ta tsaya sha ba. Na juya ekaran. Kafin ta ce komai shugaba ya dafe ƙirji. “Sakatare, mi ya samu shanuna? Ana ganin akuya ta cikinsu!”

Na ce, “Lahiyarsu lau, shugaba. Launi ne.”

Injiniya ta tambayi abin da tsawon yake nufi, na ce guga. Ta tambayi wanda ya auna, na ce mai jan ruwa. Ta ce in nuna mata kayen, ta buɗe shafi uku ta gwada da tablo, ba ta sami kuskure ba. Ta dubi Hajiya ta ce in aka raba raƙuma da awaki, ai awaki ma sun sami kwami su da tumaki kaɗai. Hajiya ta ce ita dama abin da take faɗa ke nan tun shekara uku.

Kafin damina aka gina kwamin raƙuma, dogo, a gabashin rijiya. Surukina bai ce mini komai ba, ban kuwa sa rai ba. Bayan mako guda matata ta dawo daga gidansu da ƙwarya cike da nonon raƙumi, ta ce Baba ya ce a ba sakataren shugaba. Ban saba da shi ba, amma abin suruki ba a mayarwa, ba a ragewa. Na shanye tas. Ranar kasuwar da ta biyo baya ita ce kaɗai babu ƙidaya a kayena, na rubuta dalili a gefen shafi da jan alƙalami: rashin lafiyar ciki.