Akuyar da Ban Laluba Ba

Da mahaucin ya daina hira na san akwai abin da ya faru. Yana tsugune a tsakar gidanmu a Jega Sabon Gari, yana feɗe akuyar da na sa ya yanka saboda baƙin da ke tafe daga Maiyama, sai ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Amarya, ba ki duba ta ba?" Na leƙa. 'Ya'ya biyu ne a cikinta, har sun yi gashi. Ni kuma cikina wata bakwai.

Nan take na ji muryar Kaka, wadda ta shekara huɗu a ƙasa.

A Alelu ta raine ni. Bayan magariba mukan kewaye murhu, karan dawa na ci, warin albasar da aka shanya ya cika gida. Kaka ba ta cin nama. Tuwon dawa da miyar yakuwa, wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, shi ke nan. Ko da Sallah sai ta tura mana rabonta. In na tsokane ta, ta ce, "Ke 'yar boko, ci naki. Ni na ƙoshi tun ba a haihi uwarki ba."

Akwai tatsuniyar da ba ta yi sai mun nace. Takan ce, "Ga wata nan bakin ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata."

Wata mata ce baƙi suka yi wa ba-zata. Al'adar garin, kafin a yanka akuya sai mace ta laluba kwiɓinta da safe, tun ba ta ci komai ba, ko tana da ciki. Matar ta ji kunyar baƙi su jira, ta ce a yanka. Aka iske ɗa a ciki. Tun ranar, in ta ɗaga taɓarya sai ta ji kukan ɗan akuya a cikin turmi. In ta buɗe randa, yana can. Ta bar nama, ta riƙa bin gari da ƙwaryar dusa tana ba awakin mutane.

"To ya daina kukan, Kaka?"

Sai ta gyara wuta. "Bai daina ba. Ita dai ta saba. Ku tashi ku kwanta."

Na yi sakandare, na karanta yadda jikin dabba yake, na ɗauki lalubar nan aikin tsofaffi. Ranar yankan da safe na tuna da ita sarai. Na ga rana ta yi, ga tuwo ban ɗora ba, na ce a yanka.

Baƙi suka ci, suka yaba. Ni ko loma ban kai baki ba. Da la'asar na lura abin da ke cikina, mai shurina duk yini, ya yi shiru. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu. Shiru. Mijina yana Sakkwato, wajen aikin gwamnatin jiha. Na aika aka kira Innata. Da na gaya mata sai ta zauna daɓas. A nan ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba: matar tatsuniyar Kaka ce da kanta, kuma a shekarar ta rasa cikinta na fari.

Na kwana ina jin awakin maƙwabta. Na sani Allah ke kashewa da rayawa, akuya ba ta ramuwa. Amma sanin bai sa na yi barci ba.

Tun ranar ban iya kai nama baki ba. Mijina na dariya, wai na koma tsohuwa. Ban hana kowa ci ba, sai dai ba a ƙara yanka macen dabba a gidana hannuna bai bi cikinta ba. Yanzu na gane Kaka ba tsorata mu take yi ba. Wurin ajiye abin da ya same ta take nema.

Washegarin ranar yankan, da gari ya waye Inna ta kai ni asibiti. Sistar, Kirista ce daga kudu, Hausarta a karkace, ta kafa wani ɗan ƙaho a cikina ta ɗora kunne. Ta daɗe. Ta matsa gefe, ta sake daɗewa. Wajen ƙarfe tara ta ɗago.

"Madam, bar kuka. Yaronka yana nan, barci yake."

A daidai lokacin ya shure ni.