Wuƙar Umaru Maƙeri

"Kin ji abin da anka yi wa Illo?"

"Wane Illo? Makaho mai wuƙaƙe?"

"Shi fa. An goge mishi su tas, har kina ganin fuskarki a ciki."

"To ai gyara ne. Ni in anka goge min tukwanena sai in yi godiya."

"Ke dai ba ki gane ba. Yau kwana uku bai kai loma bakinshi ba."

"A kan ƙarfe? Tsohon ga dai da sauran rigima. Wa ya yi aikin?"

"Ɗiyarshi."

"Barakatu? Wadda ka dafa mishi, ta wanke mishi?"

"Sauke murya. Ga ta can tana tsaga kifi."

Mata biyu ne a bakin ruwa, cikin damina ta shekarar 1992. Wadda suke magana a kanta ta ji su sarai, amma ba ta ɗago kai ba.

An haifi Illo a Gungun Tsamiya, wani tsibiri a tsakiyar Kwara, gangare da Yelwa. Yau babu shi, yana ƙarƙashin tafkin Kainji. Mahaifinsa, Umaru, shi ne maƙerin tsibirin. Ba ya ƙera takobi, ba ya ƙera mashi. Wuƙar tsaga kifi ce sana'arsa, wadda mata ke buɗe giwan ruwa da ita kafin a ɗora shi a kan banda. Duk maƙeran tsibiran nan siffa ɗaya suke yi mata: faɗin yatsu biyu, baki ɗaya, tsini mai ɗan lanƙwasa. Abin da ke raba aikin wani da na wani shi ne shaidar da kowa ke bugawa a gadon bayan wuƙa, dab da ƙota. Wani tsaga uku, wani gicciye. Ta Umaru tsaga biyu ce da ɗigo a tsakaninsu.

Illo ya ja zuga-zugi har ya kai shekara ashirin da 'yan kai, ransa bai taɓa so ba. Da aka fara ɗibar leburori don ginin dam ɗin Kainji, ya shiga jirgi ya tafi ba sallama. Bayan shekara biyu ya dawo ganin gida, da akwatin rediyo a kafaɗa da takalmi sau-ciki. Ya tarar da uban a maƙera.

"Kai ne ka ɗaukar duwatsun da za su toshe muna kogi?" in ji Umaru, idonsa na kan wuta.

"Baba, ko ban ɗauka ba, wani za shi ɗauka."

"Da ka bar wa wanin."

Maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan ta ƙarshe. A 1968 aka kwashe mutanen tsibirin zuwa sabon ƙauye a tudu, wajen Ngaski, cikin ɗakunan siminti masu zafi. Uwar maƙerar Umaru dutse ce kafaffiya a ƙasa, ba ta ɗaukuwa, aka bar ta ruwa ya ci. Bai sake hura wuta ba. Kafin damina ta biyu ya rasu, Illo kuma yana can yana neman wani aikin lebura, sai bayan sadakar bakwai labari ya same shi.

Da ya dawo ya zauna, ya nemi wuƙa ɗaya ta ubansa a gidan, babu. Ya bi gidajen 'yan tsibirinsu, babu. Wasu an wasa su har sun zama kamar tsinke an yar, wasu an bar su a tsibiri, tunda ga wuƙar kanti ta shigo, mai haske, mai arha.

Neman wuƙar nan ne ya mai da shi abin da mutane suka san shi da shi. Yana fataucin kifin banda, kasuwa zuwa kasuwa, Warra, Yelwa, Shanga, kuma duk inda ya sauka sai ya tambayi tsofaffi ko akwai tsohuwar wuƙa a gida. Ba ya samun ta Umaru, amma ba ya iya barin wadda aka nuna masa. Haka ya tara wuƙar damtse ta wani maharbi, mai kube na fatar kada, da askar wani wanzami da ya yi wa rabin Shanga kaciya, da wuƙar yankan rama ta Kambari, da sauransu har talatin da ɗaya. Takwas a ciki na tsaga kifi ne, daga tsibirai takwas da ruwa ya haɗiye. Kowacce ya san sunan maƙerinta.

Ba ya goge su. Ran Juma'a da hantsi yakan shimfiɗa tabarma, ya jera su, ya bi kowacce da man kaɗe da tsumma. Jar tsatsa mai cin ƙarfe yana cire ta da toka. Baƙin jikin kuwa ba ya taɓa shi.

"Wanga baƙi shekarunta ne," yakan ce. "Ka taɓa ganin an kankare wa tsoho furfura?"

A shekarar fari ta 1984 tafkin ya ja baya yadda ba a taɓa gani ba, har kan Gungun Tsamiya ya fito kamar bayan dorina. A lokacin idanun Illo sun fara tafiya, cutar nan ta ƙudan bakin kogi da ta makantar da mutane da yawa a yankin. Ya sa aka kai shi a kwalekwale. Ya yi rarrafe cikin laka har hannunsa ya faɗa kan dutsen maƙera, ya yi ta tono a gindinsa da yatsu. Wajen la'asar ya ciro ƙarfe, ƙotarsa ta ruɓe tuni. Ya goge laka da bakin riga, ya bi gadon bayan da babban yatsa. Tsaga, ɗigo, tsaga. Mai kwalekwalen ya ce bai taɓa jin kukan babban mutum irin na ranar ba.

Ita ce ta tara cikin na tsaga kifi. Ya nannaɗe gindinta da tsumma, ya ƙi sa mata sabuwar ƙota. Kowace Juma'a ita yake shafawa a ƙarshe, ya riƙe ta a tafin hannu, ya yi wa Umaru addu'a, ya daɗe yana motsa baki. Da ganinsa ya ƙare ƙurmus, babban yatsansa ya zama idonsa.

Barakatu ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai tsabta har ana yi mata tsiya, kwanonta ko na miya ne sai ya yi ƙyalli. Ita ta karɓi fataucin kifin, ita ke jan sandar uban zuwa masallaci. Wuƙaƙen kaɗai ba ta da hannu a ciki, kuma ba ta taɓa tambayar abin da yake lalube a bayansu ba. Shi ma bai taɓa gaya mata ba. Yana ganin kowa ya sani.

Da jihar Kebbi ta kusa cika shekara ɗaya, maigari ya aiko cewa wasu ma'aikata za su zo daga Birnin Kebbi su ga kayan tarihi, an kuma ba su labarin wuƙaƙen Illo. A makon ne aka yi rasuwa a Shanga, wani maƙwabci ya kai Illo ta'aziyya, kwana uku.

Barakatu ta buɗe akwatin wuƙaƙen ta duba. Baƙi ƙirin, wasu da ramuka kamar zanzana, ƙotoci sun tsattsage, ɗaya ma tsumma ne a gindinta. Baƙi za su zo daga babban birni su ga wannan a gidan da take? Wace mace ce ke fito wa baƙo da kwano mai dauɗa? Ta zuba su a buhu tare da kifinta, ta shiga motar Yelwa.

A bayan kasuwa akwai Cindo, mai sabon injin wasa wuƙa da gatari.

"Hajiya, waɗanga daga kabari kinka tono su?"

"Na babana ne. So nike su yi kamar sababbi."

"Kin zo wurin. Kafin ki sai da kifinki kin ga aiki."

Cindo ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa. Ya ci baƙin, ya ci ramukan, ya daidaita duk inda ya ga tsaga ko lotsawa. Na tsaga kifin nan tara, da ya ga siffarsu ɗaya, ya ɓalle tsofaffin ƙotocin ya jefa a wutar mai shayi, ya sa musu sababbi daga katako ɗaya, kowacce da zoben farin ƙarfe. Wannan, in ji shi, kyauta ce don tsoho.

Ran Juma'a da hantsi Illo ya shimfiɗa tabarma. Barakatu ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi, tana jiran ya ji santsin. Ya ɗauki ta farko. Yatsansa ya bi bayanta har ƙarshe, ya dawo. Ya ajiye, ya ɗauki ta biyu.

"Barakatu, wa ya shigo ɗakin ga?"

"Ba kowa, Baba."

"An sace min wuƙaƙe. An aje min na kanti."

"Naka ne, Baba. Ni na kai anka gyara maka su, saboda baƙi. Da kana gani da ka…"

"Anka mi?"

"Anka goge."

Bai yi faɗa ba. Ya bi taran nan ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi, ya kai gadon bayan kowacce kan harshensa ko zai ji abin da yatsa ya kasa. Sumul. Sai ya ce, a hankali, "Wacce ce mai tsumma?"

Ta duba. Tara ne, suna walƙiya, kamar 'ya'yan uwa ɗaya.

"Ta kakanki ce," ya ce. "Ita kaɗai ta rage a duniya."

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Kwana ukun da matan bakin ruwa ke faɗa, ba kwance ya yi su ba. Ya sa Barakatu ta rataye kowace wuƙa cikin taran da zare, yana ƙwanƙwasa ta da ƙusa yana kasa kunne. Wadda aka ƙera da ƙarfen mota kukanta siriri ne, yana daɗewa. Umaru kuwa da tama yake aiki, wadda Kambari ke narkewa, kukanta gajere, a dushe. Ta haka ya ware biyar gefe. Huɗu suka rage, kuma kunnensa bai iya wuce nan ba.

Barakatu ta koma Yelwa. Cindo ya dafe kai. "Wallahi na ga 'yan tsage-tsage, na ɗauka ciwo ne. Wacce ce wacce? Hajiya, wuƙa nawa ka bi ta hannuna a yini?"

Sai ta tuna da Inna Delu, tsohuwar da ta rage cikin waɗanda suka yi aure a tsibirin, wadda ta shekara ashirin tana tsaga kifi da ƙirar Umaru. Aka goyo ta a bayan keke. Ta jujjuya huɗun, ta auna nauyinsu, ta yi kamar tana yanka iska.

"Wagga ce. Hannuna ya san ta."

Fuskar Illo ta buɗe. Ya miƙa hannu, sai ya janye. "Barakatu, karɓi ki cuɗe su. Inna, sake zaɓa."

"Kai Illo, gwada ni kake? Na san uwarka tun ba ta haife ka ba."

"Sake dai, Inna."

Ta zaɓa. Bai tambaya ba. Shirun Barakatu ya gaya masa wata ce daban.

Ma'aikatan sun zo ran Litinin, su biyu, da littafi da abin ɗaukar hoto. Sun yaba, ɗayan ya ce bai taɓa ganin tsofaffin kaya da aka kula da su haka ba. Ya ɗaga ɗaya daga cikin taran ya ce, "Baba, wannan daga ina?"

"Daga ruwa."

"Wane gari? Wa ya ƙera?"

"Rubuta daga ruwa."

Suka rubuta, suka sha fura, suka tafi.

Juma'a ta zagayo. Barakatu ta ji ƙarar tabarma, ta fito daga madafa ta tsaya nesa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya shafa wa wuƙar maharbi mai, da askar wanzami, da ta Kambari, har ya gama da ashirin da takwas, duk da ƙarfen ba ya shan man kamar da. Huɗu na gabansa a jere. Nan ne yake ɗaukar ta ƙarshe ya yi addu'a. Hannunsa ya tashi, ya tsaya a sama, ya koma kan gwiwa. Rana ta haura, ladan ya yi kiran farko, yana nan zaune.

"Barakatu."

"Na'am, Baba."

"Ran da kinka zuba su a buhu, kin riƙe mai tsumman da hannunki?"

"Na riƙe."

"To kin fi ni kusa da ita." Ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo wajen da muryarta take. "Zo ki ɗauki ɗaya ki sa min nan, ki ce ita ce. Ba ni tambayarki yadda kinka gane. Amma don Allah, ɗiyata, ki share hawayen tukuna, ki faɗe shi da ƙarfi, kada in ji muryarki tana rawa."