Kacalar Rafin Guza

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da manya suka zo duba aikinmu a Rafin Guza ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in tsabtar muhalli.

Ku da kuka zo daga baya, ga yadda abin yake. Ruwan kwatamin unguwar, na wanka da wanki da na masu abinci, duk gangarawa yake lambunan bakin rafi. Sai muka haƙa 'yar fadama a hanyarsa, muka zuba tsakuwa da yashi, muka dasa ciyawar kacala. Saiwarta ke tsotse dattin, ruwa ya fita ta ɗaya gefen ba wari. Mun ci baƙar wuya kafin ta kama. Malam Ilu, wani dattijo mai lambun latas da 'yan kasuwa suka guje wa saboda ɗoyin ruwansa, har ya fara ganin masu saye. In manya sun yaba a ci gaba da aikin, in ba su yaba ba a rufe shi.

Ana gobe za su zo na shaida wa mai unguwa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana, ba za mu ba ka kunya ba."

Da safe na iso, innalillahi! Wuri fes. Ashe gayya mai unguwa ya tara. An sare kacala, an tumɓuke saiwa, an fesa maganin ciyawa, an kwashe tsakuwa wai ta toshe hanyar ruwa. Har farar ƙasa aka shafa wa duwatsu. Ya taro ni da fara'a: "Ka ga mun gyara maka! Yaya manyan baƙi za su zo su tarar da ciyawa?"

Ana haka sai ga manyan sun iso. Daraktanmu ya sauko daga mota, ya toshe hanci da hankici, ya ce, "Malam Bala, ina fadamar?" Na nuna masa baƙin ruwa yana kwarara. Ya koma mota. Ba a sake maganar aikin ba.

Malam Ilu ya bar lambu, gadi yake yanzu a Unguwar Dosa. Abin da na koya mai ɗaci ne: a aikin nan, mutanen da suka fi son ka ma suna iya kashe shi, kuma ba ka da bakin yi musu faɗa. Har yau in na bi ta wurin, mai unguwa na tambayata yaushe baƙi za su dawo, don su sake gyarawa.