Adda Hauwa ta tafi ba mu gama zancen hannun jarin marayuna ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗazu da safe ina shanyar wanki aka bugo mini daga Geza: Adda Hauwa ta rasu.

Na zauna, na tashi, na sa hijabi na cire. Har yanzu wankin yana cikin bokiti.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ta daɗe tana aikin banki a Birnin Kebbi, da ta yi ritaya ta dawo gida Geza. Duk sanda ta shigo Bagudo sai ta biyo mini da kindirmo. Malama take ce mini, alhali ta girme ni.

Da maigidana ya rasu, ya bar wa yara hannun jari a wani ƙaramin banki da ba ya harkar kuɗin ruwa. Ni karatun allo kawai na sani. Dukiyar marayu ce kuma, tsoron taɓa ta nake. Bana farashin ya tashi, ƙanin mijina Bello ya matsa a sayar a sa kuɗin a fataucin shinkafa. Ya ce Juma'ar nan mai zuwa in sa hannu a takardar sayarwa.

Ranar kasuwar Lolo da ta wuce muka haɗu a rumfar masu atamfa, na faɗa mata. Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata.

"Malama, mi kike tsoro? Ɗauki hannun jarin nan kamar saniya. Mu in za mu sai saniya, nonon muka tambaya. Shekara nawa za ta yi tana ba ki kahin ta maida kuɗinta? Raba farashin hannun jari guda da ribar da ya ci a shekara, ki ga amsa."

Na ce to ai kuɗin saniyar ya hau, Adda.

"Ya hau don nono ya ƙaru, ko 'yan kasuwa ne sunka yi zumuɗi? Sai an duba shekarun baya an gwada da bana. In zumuɗi ne, Bello na da gaskiya, a sayar. Bari in duba miki, kada ki yi gaggawa."

Mai babur yana ta yi mata hon, ta hau tana gyara mayafi. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Ban san ko ta samu ta duba ba.

Tun da na shigo gidan nan ban taɓa musa wa Bello magana ba. Ɗazu na kira shi, na ce ba zan sa hannu ba sai an nuna mini lissafin shekarun baya na gane da kaina. Ya ce, "To, Yaya, na ji."

Ya Allah, ka gafarta wa Hauwa, ka yalwata kabarinta, ka saka mata da tausayin da ta yi wa marayun da ba nata ba. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu, ni ma ku roƙa mini Allah ya fid da ni haƙƙin yaran nan.