Zakiya Mai Majigi da Gobarar Ammariyya

A unguwar Sabil ta Jidda aka haifi Zakiya. Kakanta ya taso daga Haɗeja a ƙafa don sauke farali, ya sauke, bai koma ba. Doguwa ce, marar fara'a, mai murya irin ta maza, kuma tun tana ƙarama aka san ta da riƙo. Idan ka taka ta da Ramadan, ka saurari sakamako da babbar salla.

Ta auri Salihu, Bahaushen Sudan mai gyaran rediyo, wanda ke zaune a Jidda da iƙama, wato takardar izinin zama. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, shi ne Abdulghaffar, haifaffen Jidda kamar Zakiya, mai takardar ɗan ƙasa da bakin ciniki. Shi da Salihu suka buɗe gidan kallo a wani hoshi, wato fili mai katanga, a unguwar Ammariyya. A shekarun nan hukuma ba ta ba da izinin silima ba, ba ta kuma zo ta rufe ba. Sai a kafa farin ƙyalle, a jera bencina, maza su zauna a ƙasa, matan gidan su leƙa daga saman soro. Abdulghaffar ke tsare ƙofa yana zuƙar shisha. Aikin majigi duk na Salihu ne.

Salihu ya koya wa matarsa aikin kaf. Ta iya zura fim a na'ura ido rufe, ta iya yanke inda ya tsinke da reza ta liƙe ba a gane ba. Hakan ya zama sana'a, domin a bikin mata namiji ba ya shiga, ko ango ne sai an kira shi. Mai majigi zai kawo kaya bakin ƙofa ya juya, mace ce za ta kunna. Idan fim ɗin da yaren da ba a ji ne, sai Zakiya ta rage sautinsa, ta ɗauki makirfo, ta riƙa ba da labarin da Hausa tana surkawa da Larabci. Mata sun fi son bakinta a kan na 'yan wasan.

Ranar wata Alhamis a 1968, jim kaɗan bayan magariba, Salihu ya kashe majigi ya fita salla. Zakiya na saman soro tare da Luba, matar Abdulghaffar, suna tsince shinkafa. A gaban idonsu Abdulghaffar ya miƙe, gefen tobinsa, doguwar rigarsa, ya ja shisha, garwashi ya zube a kan tarin tabarmi. Ya duba, ya murje wanda ya gani da takalmi, ya fice. Kafin a sallame salla wuta ta cinye bencina, ta haura katanga, ta kama shagon kafinta na maƙwabta. Kafintan ya ƙone a hannu har bai sake riƙe zarto ba.

A gaban umda, mai unguwa ke nan, da 'yan sanda, Abdulghaffar ya ɗaga hannu ya rantse cewa Salihu ne ya bar fitilar majigi a kunne ya yafa mata tsumma. Ya kuma janye kafalarsa. Ba wanda ya tambayi matan da ke kan soro. Cikin wata guda aka sa Salihu a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, kuma bai cika shekara biyu a can ba ya rasu.

Zakiya ta je wurin Luba sau ɗaya tak.

"Yaya Luba, ke ma kin gani. Kina kusa da ni."

"Ni ban ga komai ba, ya ukhti. Hayaƙi ya cika min ido."

"Hayaƙin ai bayan garwashin ya zo."

"Halas, shi ke nan, Ummu Khadija. Ƙaddara ce. Ki yi haƙuri."

Zakiya ta ɗauki takalmanta ta fita. Majigin Salihu, wanda wuta ba ta taɓa ba, ya koma shagon Abdulghaffar. 'Yarta Khadijatu kuwa ta tashi da sunan da unguwa ta laƙaba mata, 'yar mai gobara. Har malamar makaranta ta taɓa kiranta da shi. Wannan sunan ne ya tsaya wa Zakiya a maƙogwaro, kuma shi ta ƙudurta sai ta cire.

Shekara goma ba ta nuna komai ba. Ta ci gaba da kunna majigi a bikin mata, kuma a shagon Abdulghaffar take karɓo na'urar mijinta ta mayar. Tana gaishe shi, "Abu Hamad, an yini lafiya?" Yana amsawa da sakin fuska. Mutane suka ce matar nan ta yi hankali. Shi ma haka ya ɗauka.

Da rana tana aikin wanki da guga a wani asibitin kuɗi. A nan ta fara ganin 'yan Filifin, lokacin da aka soma kwaso su jirgi-jirgi, mazan zuwa aikin tashar ruwa, matan zuwa jinya. Wata nas mai suna Remi ta saba da ita, suna magana da gurguwar Larabci da nuni da hannu. Remi ba ta da zance sai na silimar ƙasarsu. Nas-nas ɗin sun rabu gida biyu a kan wasu taurari mata biyu, har sukan daina cin abinci tare idan musu ya yi zafi. A ƙofar akwatin kayanta Remi ta liƙa hoton tata gwanar, wata 'yar siririya mai manyan idanu, wadda a cewarta takan zubar da hawaye ta ido ɗaya idan mai ba da umarni ya ce ido ɗaya yake so.

"Wannan mai gashin bakin fa?" Zakiya ta tambaya, tana nuna wani a gefen hoton.

"Kontrabida," in ji Remi. "Mugu. Shi aikinsa ke nan, kowane fim mugu. A Manila ya shiga kasuwa, mata suka jefe shi da kifi."

"Da gaske suka jefe shi?"

"Wallahi, Mama. A gida mutumin kirki ne. Amma mata sun gan shi a ƙyalle, halas."

Zakiya ta daɗe tana duban hoton. Ta ajiye dutsen guga a tsaye don kada ya ƙona zanin gado.

A lokacin Abdulghaffar ya bunƙasa. Shi ke kai fim sansanin ma'aikatan Filifin duk Juma'a, yana samun faya-fayan daga hannun ma'aikatan jiragen ruwa. Da bikin babban ɗansa Hamad ya taso a 1978, da 'yar wani babban gida na Hausawan Makka, ya so ya nuna wa surukai abin da ba su taɓa gani ba. Matan Jidda sun haddace finafinan Masar da na Indiya. Ya kira Zakiya shago.

"Ummu Khadija, na Filifin nake so ki sa musu. Zaɓi mai tsabta, ba rungume-rungume. Kin dai iya yarensu?"

"Ina da mai gaya min labarin."

"Yalla, ki burge min su."

"Za su daɗe suna zancensa, in sha Allahu."

Ta ɗauki faya-fayai shida ta kalla a ɗakinta a jikin bango. Ta tsaya a kan wani tsohon fim marar launi, na wani mai ba da umarni da Remi ta ce ba ya yin fim sai da ruwan sama da mari. Ga 'yar siririyar nan a ciki, ga mai gashin baki. Remi ta ba ta ainihin labarin: wa da ƙane ne ke rigimar gonar kwakwa. Zakiya ba ta damu da kwakwa ba. Abin da ta gani shi ne akwai maza biyu da ke aiki tare, akwai taba, akwai gobara, akwai jirgin ruwa mai tashi. Ta kalle shi sau huɗu. Ta sa reza ta cire wurare uku da ba su yi mata amfani ba, ta matso da gobarar kusa da tabar.

Ranar biki, bayan magariba, mata sun fi ɗari biyu a hoshin gidan Abdulghaffar. Dangin amarya na gaba a kan darduma, Luba na tsakiyarsu da gwal har gwiwar hannu. Wata tsohuwa 'yar Makka, gwaggon amarya, ta sa kujerarta a bakin ƙofa tana tsaron kada namiji ya leƙo. Maza na waje a ƙarƙashin rumfa suna shan shayi. Zakiya da kanta ta ɗaure lasifika a saman katanga, ta juya bakinsa yadda na ciki da na waje duk za su ji.

Fim ya fara. Ta rage sauti ta ɗauki makirfo.

"To, jama'a, wannan ƙasa sunanta Filifin, ruwa ya fi ƙasa yawa. Ga mutum biyu. Wannan mai zufa shi ke aiki, baƙo ne, da iƙama yake zaune. Wannan mai gashin bakin kafilinsa ne, aikinsa zama."

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Su ma suna da kafili? Ya Allah, har can!"

"Ko'ina akwai su, khala. Ki duba zamansa. Ki duba yadda yake riƙe tabar nan kamar da ita aka haife shi."

Haka ta yi ta jan su, tana sa wa 'yan wasan magana a baki, mata na tafi suna zagin mai gashin baki. Sai aka zo inda ya jefar da guntun taba ya fita.

"Kun gani? Baƙon ya tafi salla. Matarsa na saman soro da matar kafili, suna tsince shinkafa. Ranar Alhamis ce."

A ƙyallen ba soro, ba shinkafa. Tsofaffin matan Ammariyya suka fara duban juna. Dariya ta ragu daga baya zuwa gaba. Wuta ta tashi a fim, rumbu na ci, mutane na gudu da bokiti.

"Ga shi nan gaban umda. Ku dubi hannun da ya ɗaga. Yana cewa, wallahi tallahi Salihu ne ya bar fitila."

Sunan ya fita ta lasifika har kan titi. A waje aka ji kofi ya faɗi. Can sai bugun ƙofa.

"Ku kashe! Luba! Ku kashe abin nan!"

Tsohuwar 'yar Makka ba ta ko motsa daga kujera ba. "Wane ne wannan marar kunya? Mata ne a ciki, ba mayafi."

"Ni ne mai gidan!"

"Ko kai ne mai Jidda. Koma wurin maza, ya shekh, muna kallo."

Wayar wutar daga cikin gida Zakiya ta ja ta, don haka ba abin da zai cire daga waje. Ta ci gaba. Jirgin ruwa ya tashi a ƙyalle, 'yar siririyar na tsaye a gaɓa cikin ruwan sama, hawaye na bin kunci ɗaya.

"Wannan matarsa ce. Ita kuka take yi, don 'yar fim ce. Ta Jidda ba ta yi kuka ba. Mutumin ya mutu a Bur Sudan, ba wanda ya san kabarinsa. 'Yarsa na nan zaune kusa da randa, ku juya ku gan ta. 'Yar mai gobara kuke ce mata."

Sai ta tsayar da majigi. Ta kunna fitilar hoshi. Ta sauko da makirfo har gaban Luba, iyakar tsawon waya.

"Yaya Luba, yau ba hayaƙi. Ga surukanki, ga Allah. Me ya zube a kan tabarmi?"

Luba ta dubi ƙofa, inda mijinta ke ta bugu. Ta dubi uwar amarya, wadda ta zuba mata ido ba ƙiftawa. Ko da za ta yi ƙarya, rabin matan da ke wurin sun riga sun karanta fuskarta.

"Garwashi ne," ta ce.

"Ba a ji a waje ba."

"Garwashin shisharsa ne. Salihu ya kashe majigi kafin ya fita. Na gani."

Bugun ƙofa ya tsaya. Zakiya ta koma ta kashe fitila, ta ƙarasa musu fim ɗin, wannan karon da labarin gonar kwakwa kamar yadda Remi ta ba ta. Ba wadda ta saurara.

An ɗaura aure, domin yaran ba su yi wa kowa laifi ba. Amma surukai sun koma Makka ba su yi sallama da Abdulghaffar ba, kuma kafintan nan mai shanyayyen hannu yana cikin mazan da ke ƙarƙashin rumfa. Ba a kai kowa kotu ba. Abin da ya faru shi ne aka daina matsa wa Abdulghaffar ya samu wuri a sahun gaba na masallaci, aka daina kiransa shaidar aure, yara kuma suka sa masa Abu Garwashi. Da sunan ya mutu.

Wasu mata sun sami Zakiya suka ce ba ta kyauta ba, ai ranar farin cikin mutane ce.

"Na san biki ne," ta ce. "Da a makoki na faɗa, mutum nawa za su zo?"

Bayan kwana uku aka ajiye majigin Salihu a ƙofar gidanta, ba saƙo. Ta duba shi, ta ga an bar madubinsa ya yi datti, ta zagi wanda ya riƙe shi, ta goge. Da ta ba Remi labari, Remi ta riƙe baki, sannan ta yi fushi na kwana biyu don an yanka fim ɗin gwanarta da reza.

Ba a daɗe ba aka rufe gidajen kallon hoshi gaba ɗaya, sana'ar ta mutu. Zakiya ta rayu shekara ashirin da wani abu bayan haka, ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ba a kuma sake tambayarta ba. Khadijatu ta yi aure a unguwar Hindawiyya. A can Khadijatu Salihu ake kiranta.